Hoton ƙwaƙwalwa ya fito fes, ƙafa kuma tana ja: fashin baƙi kan gano cutar MS

Akwai wata magana da ake fitowa da ita daga ɗakin likita, mai sanyaya zuciyar dangi, mai dagula ta marar lafiya: "Hoton bai nuna komai ba." A ce matashiya ce 'yar shekara 26, daga Gwammaja ko Hotoro. Wata huɗu da suka wuce idonta na dama ya yi hazo, yana mata ciwo idan ta juya shi, bayan sati uku ya washe da kansa. Yanzu kuma ƙafar hagu ce ta sage, tana jan ta, silifas yana zame mata ba ta sani ba, fitsari yana matsa mata a kai a kai. An yi karo-karo an kai ta hoton ƙwaƙwalwa, takarda ta fito ta ce lafiya lau. Kafin adaidaita sahu ya iso gida an riga an raba gari. Gwaggo ta ce iska ce, a kira mai ruƙiya. Wata ta ce a bincika dai, hannu aka sa mata. Wanda ya biya kuɗin hoton kuma ya fara tunanin ko raki ne.

Cikin cututtukan da likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi zai kawo a ransa idan ya ji wannan labari akwai wadda ake kira maltiful sikilerosis, a taƙaice MS. Sunan ya yi kama da sikila a kunne, amma ba su haɗa komai ba. Sikila ta jini ce, wannan kuwa ta jijiyoyi ce.

Duk wanda ya taɓa ganin wayar wuta da ɓera ya ɓare mata roba ya riga ya fahimci rabin cutar. Zaren jijiyoyin da ke cikin ƙwaƙwalwa da laka da jijiyar gani suna lulluɓe da wani farin abu mai kitse da ake kira mayelin, shi ne robarsu, shi yake sa saƙo ya bi ta cikinsu da sauri. A cutar MS garkuwar jikin mutum ce take juyowa ta far wa wannan rufi, wurin ya kumbura, daga baya ya bar tabo. Inda tabon ya faɗa shi yake yanke irin ciwon da za a ji. Idan a jijiyar gani ne ido ya yi hazo, idan a laka ne ƙafa ta sage ko fitsari ya rikice, idan a gindin ƙwaƙwalwa ne a ga abu bibbiyu ko jiri ya riƙa ɗibar mutum. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya fayyace kamanninta a birnin Faris a 1868. Ƙididdigar 2020 ta nuna mutum miliyan 2.8 ne suke fama da ita a duniya, mata sun ninka maza, kuma yawanci tana fara bayyana tsakanin shekara 20 zuwa 40. Ta fi yawa a ƙasashen sanyi irin arewacin Turai da Kanada. A wajenmu ba ta da yawa, sai dai wani kaso na wannan ƙarancin daga ƙarancin na'urori da likitocin fannin ya fito, don abin da ba a nema ba ba a ƙirga shi.

Matsalar MS ita ce ba ta da gwaji guda da za a ce idan ya nuna shi ke nan, kamar yadda ake ɗiga jini a kan ɗan katin gwajin maleriya. Haɗa shaidu ake yi. Ma'aunin da likitoci suke bi sunansa ƙa'idar McDonald, daga sunan Ian McDonald, likita ɗan asalin Niyu Zilan da ya jagoranci kwamitin da ya fitar da ita a 2001. An sake duba ta a 2005, 2010, 2017 da kuma 2024. Ginshiƙinta na asali shi ne a nuna ɓarnar ta taɓa wuri fiye da ɗaya a cikin ƙwaƙwalwa da laka, a nuna ba a rana ɗaya ta faru ba, sannan a tabbatar babu wata cutar da ta fi dacewa da abin da ake gani. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne aka fi mantawa, kuma a Kano shi ne mafi nauyi. Cutar takan tashi ta lafa, kuma shi ma tashin ciwon yana da ma'auni: sai alamar ta kai awa 24 aƙalla, ba tare da zazzaɓi ba, kuma sai an sami tazarar kwana 30 kafin a ƙirga wani tashin a matsayin sabo. Ƙafar da ta sage don an daɗe a zaune a kan tabarma ba ta shiga lissafi.

To, mutum zai iya samun MS alhali hoton ƙwaƙwalwarsa fes? Zai iya, amma ba kasafai ba. Kimanin kashi 5 cikin 100 na waɗanda aka tabbatar suna da ita ne ba a ga tabo a hoton ƙwaƙwalwarsu ba tun farko. Saboda haka hoto mai kyau, idan an ɗauke shi yadda ya kamata, yana rage yiwuwar MS ƙwarai, kuma ita kanta ƙa'idar ta ja kunnen likita da ya yi taka-tsantsan, ya nemi wani dalili, idan hoto da sauran gwaje-gwaje ba su nuna komai ba. Aikin yana wajen wannan "yadda ya kamata".

Tambayar farko ita ce wane hoto aka yi. A bakin mutanenmu komai hoto ne, daga na ƙirji zuwa na ciki, amma siti-sikan daban, MRI, wato hoton da ake ɗauka da na'ura mai maganaɗisu, daban. Siti-sikan gwani ne wajen nuna jinin da ya zuba a kai, ko karaya, ko babban ƙari, ya fi araha, kuma an fi samunsa. Tabon MS kuwa, wanda wani bai wuce ƙwayar dawa ba, yakan ɓace masa ɓat. Mutane da yawa da suke cewa an yi musu hoton ƙwaƙwalwa ba a ga komai ba, idan ka karɓi takardar sai ka tarar siti-sikan ne. A maganar MS wannan kusan daidai yake da ba a duba ba.

Ita ma MRI suna suka tara. Ƙarfin maganaɗisunta da tesla ake aunawa. A ƙasar nan akwai ƙanana masu tesla 0.2 ko 0.35, akwai masu 1.5, sai manya masu 3. Don neman MS, masana sun tsaya a kan kada a gaza 1.5. Ƙaramar na'ura takan nuna babban tabo, ƙananan kuma su sulale, kamar mai neman allura a ɗaki da hasken a-ci-bal-bal. Wasu takardun sakamako suna rubuta ƙarfin na'urar. Idan babu, a tambaya a wurin da aka yi, ba rashin kunya ba ne.

Bayan ƙarfin na'ura akwai abin da aka ce mata ta nema. MRI yanka kai take yi faifai-faifai a hoto, kamar ana yanka burodi. Idan yankan ya yi kauri, tabon da bai fi milimita 3 ba zai iya faɗawa tsakani ba a gan shi ba. Akwai kuma salon ɗauka iri-iri, kuma wanda ake kira FLAIR, mai danne hasken ruwan ƙwaƙwalwa don tabon da ke gefensa ya fito sarari, shi ne ya fi amfani a nan. Wani lokaci ana yi wa mutum allurar wani ruwa mai suna gadoliniyam ta jijiya, wanda yake haska tabon da ke ɗanye na 'yan makonni kawai, da haka a bambanta sabo da tsoho. Duk wannan ya dogara ne da abin da likita ya rubuta a takardar neman hoto. Idan "ciwon kai" ko "kasala" kawai ya rubuta, hoton gama-gari za a yi. Idan ya rubuta yana zargin MS, tsarin zai canja.

Sai babbar tambaya: ina aka duba? MS ba cutar ƙwaƙwalwa kaɗai ba ce. Laka, wannan igiyar da ta sauko daga gindin kai ta bi cikin ƙashin baya, tana daga cikin wuraren da ta fi so, musamman ta wuya. Matashiyarmu ƙafa take ja, fitsari yana damunta, waɗannan kuwa koken laka ne. An je an ɗauki kai, alhali gobarar tana wuya ko gadon baya. Akwai ma wata alama da marasa lafiya suke bayyanawa da kansu, cewa idan suka sunkuyar da kai sai su ji kamar wutar lantarki ta ja su daga wuya zuwa baya har ƙafa. Likitan da ya ji haka ya san lakar wuya zai nema. Haka kuma nau'in MS da ba ya tashi ya lafa, sai dai ya riƙa cin mutum a hankali, wanda yake kama kashi 10 zuwa 15 na masu cutar, yakan fi zama a laka, ƙwaƙwalwa kuma ta nuna tabo kaɗan. Tabon laka yana da wata daraja ta daban a wajen likita: tsufa da hawan jini suna zuba fararen ɗigo a ƙwaƙwalwa, amma ba kasafai suke yin haka a laka ba, don haka abin da aka gani a can ya fi zama shaida.

Lokaci ma yana da hannu. Hoto labarin ranar da aka ɗauke shi yake bayarwa. Wani babban bincike da aka yi a Amurka a kan masu kumburin jijiyar gani, aka bi su shekara 15, ya nuna cewa waɗanda hoton ƙwaƙwalwarsu na farko ya nuna ko da tabo ɗaya ne, kashi 72 cikin 100 sun zama masu MS. Waɗanda nasu ya fito fes kuwa, kashi 25 ne. Kowa ya karanta wannan adadi ta fuskarsa: uku cikin huɗu sun tsira, kuma ɗaya cikin huɗu hoton farko bai nuna abin da yake tafe ba. Shi ya sa likita yakan ce a dawo a sake hoto bayan wasu watanni ko shekara guda. Mutane sukan ɗauka neman kuɗi ne, amma ba yadda za a nuna ciwo ya ƙara wuri sai an ajiye hoto biyu gefe da gefe. A nan ne wata ɗabi'a tamu take cutar da mu. Ana riƙe takardar sakamako a jefar da faifan hoton, ko a bar shi a saman durowa rana ta ci shi. Takarda ra'ayin wanda ya karanta ce, faifan shi ne hoton, kuma shi likitan jijiyoyi yake so ya gani da idonsa.

Idan hoto bai raba gardama ba, sai a koma ga ruwan laka. Na san yadda ake tsoron wannan gwaji a Kano. Da yawa sun san shi ne ta hanyar sanƙarau, musamman waɗanda suka ga annobar 1996, kuma da yake wanda ake ɗibar wa ruwan baya a lokacin yakan riga ya jigata, idan ya rasu ko ya nakasa sai a ɗora wa allurar laifin cutar. A jikin babba laka tana ƙarewa ne a saman kwankwaso, allurar kuma ƙasa da nan ake sa ta, inda ruwa ne da saiwoyin jijiya da suke kaucewa. Abin da aka fi samu bayanta shi ne ciwon kai na 'yan kwanaki, mai lafawa idan an kwanta. Abin da ake nema a ruwan wasu sinadaran garkuwar jiki ne da suke fitowa layi-layi a gwaji, ana kiransu oligokulonal. Ana ɗibar jini a rana ɗaya a gwada su tare, idan layukan suna cikin ruwan laka babu su a jini, to garkuwar tana yaƙi ne a cikin ƙwaƙwalwa da laka. A Turai kusan tara cikin goma na masu MS suna da su. Sai dai ba MS kaɗai take kawo su ba, tunjere da wasu cututtukan ma suna yi.

Ido ma yana ba da shaida ko bayan ya washe. Akwai gwajin da ake zaunar da mutum gaban allo mai baƙi da fari yana walƙiya, a manna masa wayoyi a ƙeya, a auna tsawon lokacin da saƙo yake ɗauka daga ido zuwa ƙwaƙwalwa. A lafiyayye bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba. Jijiyar da ta taɓa rasa rufinta takan yi jinkiri har bayan shekaru. Wata na'urar kuma ta asibitin ido tana auna kaurin zaren jijiya a bayan ido. Gyaran ƙa'idar McDonald na 2024 ya sa jijiyar gani ta zama wuri na biyar da ake ƙirgawa, a kan huɗun da aka sani a da, wato gefen ramukan ruwan ƙwaƙwalwa, da saman ƙwaƙwalwa, da gindinta, da laka.

Ga ra'ayina a kan labarin matashiyar nan. Ido ya kamu, laka ta kamu, ƙwaƙwalwa fes, kuma Bahaushiya ce a Kano. Kafin MS, akwai wata cuta da ta fi cancanta a fara zargi, wato NMO, mai kama jijiyar gani da laka. An daɗe ana ɗaukarta reshen MS, sai a 2004 masu bincike a asibitin Mayo na Amurka suka gano wani sinadarin garkuwa a jinin masu ita, wanda daga baya aka tabbatar yana far wa wani abu mai suna akwaforin-4. Ta fi kama baƙar fata da mutanen Asiya fiye da Turawa, mata sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma hoton ƙwaƙwalwa yakan fito lafiya a farkonta. Tabonta a laka dogo ne, yakan kai tsawon gaɓoɓin ƙashin baya uku ko fiye, na MS kuwa gajere ne. Tashinta ya fi muni, guda ɗaya yana iya makantar da ido ko ya zaunar da mutum. Wani lokaci da shaƙuwa da amai take farawa, su ƙi tsayawa har kwanaki, a yi ta ba mutum maganin gyambon ciki. Abin da ya sa bambancewar ta zama dole shi ne wasu magungunan MS, irin su intaferon-beta, suna ƙara tsananta NMO. Gwajin jini ne yake raba su, kuma akwai wata 'yar uwarta mai suna MOG da ita ma a jini ake gano ta.

Bayan waɗannan akwai na gida. Tarin fuka yana cin ƙashin baya ya danne laka. Tsargiya, wadda aka san ta a yankunan noman rani irin Kura da Kadawa, ƙwanta yakan kai laka, saurayi ya wayi gari ƙafafu sun mutu fitsari ya tsaya, kuma wannan tana da magani idan an kama ta da wuri. Ƙanjamau da tunjere suna taɓa laka. Ƙarancin bitamin B12 yana kawo sagewar ƙafa da tangaɗi a tafiya, ana ganinsa ga wasu masu ciwon suga da suka daɗe a kan metformin. Ga manya kuma zaizayewar ƙashin wuya takan matse laka. Da yawa daga cikin waɗannan gwajin jini mai sauƙin kuɗi ne yake nuna su, don haka likitan da ya fara da su kafin ya tura ka hoto na biyu ya tausaya wa aljihunka ne.

Akwai kuma waɗanda duk gwaji zai fito lafiya, ƙafa kuma ta ƙi tafiya da gaske. Wayoyin suna nan lafiya, isar da saƙon ne ya rikice. Likitoci sun san wannan lalura, suna da hanyoyin gane ta da hannu a ɗakin duba marasa lafiya, kuma tana jin gashin ƙashi da kulawar likitan ƙwaƙwalwa. Mai ita ba ƙarya yake yi ba, kuma ce masa raki yake yi yana ƙara masa ciwo ne.

Kuskuren yana zuwa ta ɗaya ɓangaren ma. Wani za a yi masa hoto saboda ciwon kai, a ga 'yan fararen ɗigo, ya shiga intanet ya fito da MS a hannu. Hawan jini, suga, ciwon kai na ɓari guda, sikila da tsufa duk suna barin irin waɗannan ɗigo. Wani bincike na 2019 a cibiyoyi biyu na birnin Los Angeles ya gano kashi 18 cikin 100 na sababbin marasa lafiyar da aka turo musu da sunan MS ba su da ita. A inda ba a rasa na'urori ba kenan.

Wani abu da Bakano zai lura da shi kafin Bature shi ne zafi. Jijiyar da ta rasa rufinta ba ta jure ɗumi, shi ya sa a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40, ko bayan tsayuwa a gaban murhu, tsohon hazon ido ko nauyin ƙafa yakan dawo, ya tafi idan jiki ya huce. Likitan ido na Jamus Wilhelm Uhthoff ne ya bayyana haka a 1890, kuma a da har wanka da ruwan zafi ake sa mutum don a gwada shi. Ba sabon tashi ba ne, amma abin faɗa wa likita ne.

Ga wanda yake cikin wannan hali, labarinsa ya fi kowane hoto daraja, kuma shi ne abin da aka fi zuwa da shi a hargitse. A zauna a rubuta: me ya fara, wane ido, wace ƙafa, kwana nawa ya yi, ya tafi gaba ɗaya ko ya bar saura. Idan kwanan wata ya ɓace, a auna da azumi, ko babbar sallah, ko haihuwar wani yaro. A haɗa faifai da takardu duka a nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, irin waɗanda ake samu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya. Ruƙiya da addu'a ba su hana wannan ba, abin gudu shi ne a jinkirta asibiti dominsu. A kuma guji sayen firednisolon ko deksametason a kemis. Gaskiya ne da dangin waɗannan magunguna ake kwantar da tashin MS da NMO, ta jijiya, na kwana uku zuwa biyar, a ƙarƙashin kulawar likita. Amma shan su kafin bincike yana dusashe abin da hoto zai nuna, idan kuma tarin fuka ne a ɓoye, an zuba masa fetur.

Abu uku ne ba a jiran ranar ganin likita a kansu: gani ya ragu cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙafafu biyu su yi nauyi lokaci guda, ko fitsari ya tsaya. Matashiyarmu ba ta kai nan ba tukuna. Abin da ya rage a yi mata shi ne MRI na lakar wuya da ta gadon baya a na'ura mai tesla 1.5, da gwajin jini na akwaforin-4, da na B12, ƙanjamau da tunjere, sannan a tambaye ta ko tana ƙarama ta yi wanka a kududdufi ko a magudanar ruwan noman rani.